Gonar makaranta da littafin lissafin ɗalibi

Sharaɗin da na fara gindayawa lokacin da aka damƙa mini darasin noma a sakandare shi ne a daina tura ɗalibin da ya yi laifi gonar makaranta. Makarantar da ke hukunta mai makara da fartanya ta riga ta gaya wa yara matsayin noma a wurinta, kuma babu bayanin da malami zai yi a aji da zai wanke wannan daga zukatansu. Shugaban makaranta ya amince. Daga nan ne na samu damar yin abin da nake so, wato in raba gonar, kowane ɗalibi ya samu yankinsa ko 'yan kajinsa, ya kuma riƙe littafin da zai riƙa rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita.

Wannan dabara tsohuwa ce. Wani malami mai suna Rufus Stimson ne ya fito da ita a 1908 a wata makarantar noma da ke jihar Massachusetts a Amurka, inda ya ce ɗalibi ya yi aikin kansa a gonar gidansu, malami yana zagayawa yana dubawa. Da aka yi dokar Smith-Hughes a 1917, wadda ta ware kuɗin gwamnatin tarayya don koyar da noma a sakandare, an sa sharaɗin cewa ɗalibi ya yi aiki da hannunsa ƙarƙashin kulawar malami na aƙalla wata shida a shekara. Abin da ya ja hankalina a tsarin shi ne mallaka. Yaron da ke cire ciyawa a gonar da ba tasa ba, jira yake a buga ƙararrawa. Wanda aka ce masa wannan yankin naka ne, ribarsa da asararsa duk a littafinka za su fito, shi ne zai zo da sassafe tun kafin a shiga aji ya duba ko wani abu ya taɓa masa shuka.

Ba na bari a taɓa ƙasa sai an gwada iri. Kowa ya ƙirga ƙwayar masara 100, ya jera su a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ya naɗe, ya ajiye a wuri mai ɗumi yana yayyafa ruwa. Bayan mako guda a warware a ƙirga waɗanda suka tsiro. Ina son ganin fuskokinsu a ranar warwarewa. Wani zai tarar da fararen saiwoyi sun kama ƙyallen har sai ya ja a hankali, na kusa da shi kuma rabin nasa sun kumbura sun yi funfuna, suna wari. Iri biyu ne da ido ba zai bambance su ba. A ranar ce ɗalibi yake gane ma'anar kashi cikin ɗari, domin idan 60 kawai suka tsiro, shi da kansa zai faɗa maka cewa ko dai a sauya irin, ko a ƙara yawan abin da za a shuka.

Lissafi yana biyo baya a ko'ina, kuma ban taɓa ɓoye musu haka ba. Idan tazarar layi santimita 75 ce, tsakanin shuka da shuka kuma 25, ƙwaya ɗaya a rami, hekta guda mai murabba'in mita 10,000 za ta ɗauki tsiro kusan 53,000. Takin yuriya yana da naitirojin, wato sinadarin da shuka ke buƙata don ta girma, kashi 46 cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhun NPK 15-15-15 mai nauyi iri ɗaya kuwa kilo 7.5 kawai yake da shi. Akwai yaran da malamin lissafi ya fid da rai da su, amma da aka ce su gano yawan takin da ɗan yankinsu ke buƙata, suka zauna suka yi, saboda amsar tana da amfani a wurinsu kafin la'asar. Haka nan idan muka tuge wake muka tsaga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, aka ga cikinsu ja-ja, sai bayanin ƙwayoyin halittar da ke kamo naitirojin daga iska ya zauna musu. Gani ya kori ji.

Kiwon kaji shi ne ya fi bayyana mini halin kowane yaro. 'Yan tsaki a makon farko suna buƙatar ɗumi tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Muna da ma'aunin zafi, amma ina koya musu karanta tsakin kansu. In sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse zuwa gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina suna ci suna sha, komai daidai. Wata ɗaliba da ba ta cika magana a aji ba ta same ni wata safiya ta ce, "Malam, waɗancan na kusurwa ba sa zuwa wurin ruwa, kuma kashinsu ya sauya." Ni ban lura ba tukuna. Muka ware su, muka kira likitan dabbobi, ita kuma ta tsaya kusa da shi har ya gama, tana ta tambaya. Daga baya fannin lafiyar dabbobi ta nema. Irin wannan idon ba ya fitowa a takardar jarrabawa, kuma ina ganin nemo shi yana cikin manyan ayyukan malamin noma.

A nan maganar sana'a ta shigo. Yawancin ɗalibaina ba za su zama masu gona ba, kuma hakan bai dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya gama sakandare yana zaton duk harkar noma ta tsaya a huɗa da girbi. Ƙungiyar ɗaliban noma ta Amurka, FFA, wadda aka kafa a birnin Kansas a 1928 da sunan manoman gobe, ta fara karɓar 'yan mata a 1969, sannan a 1988 ta gyara sunanta don ya ɗauki masu kimiyya da kasuwanci da fasaha. Su ma sun lura cewa fagen ya fi gona faɗi. Akwai mai binciken ƙasa a ɗakin gwaji, da mai inganta iri, da malamin gona da ke bin manoma da shawara, da makanikin tarakta da injin ban ruwa, da mai kula da rumbun ajiya, da ma'aikacin banki da ke tantance bashin manoma. Kowanne cikinsu akwai ɗan ƙaramin siffarsa a gonar makaranta. Wanda kullum yake kwance famfon feshi ya gyara, na san inda zuciyarsa take. Wadda ta karɓi sayar da ƙwai ta kuma hana a ba kowa bashi ba tare da an rubuta ba, ita ma na sani.

Da na ga alamar, sai in nema wa ɗalibi wurin da zai je ya zauna da mai sana'ar lokacin hutu, da yardar iyayensa. Ina ba shi tambayoyin da zai yi: wane karatu aka yi kafin a kai nan, wane darasi ne ya zama dole a ci, mene ne ya fi wahala a aikin. Wasu sukan dawo sun ƙara ƙaimi. Wasu sukan dawo su ce, "Malam, ashe ba zan iya ganin jini ba." Wannan ma riba ce, domin gara ya sani yana ɗan shekara 16 da ya sani bayan ya ɓata shekaru a jami'a.

Iyaye sukan zo da damuwa, kuma damuwarsu tana da tushe. Wani uba ya ce mini, "Malam, na kawo shi makaranta ne don ya huta da wahalar da na sha." Ban yi masa gardama ba. Na ɗauko littafin ɗansa na buɗe masa shafin da yaron ya raba kilon abincin da kajinsa suka ci da kilon nauyin da suka ƙara, ya ga sun ci fiye da kilo 2 kafin su ƙara kilo 1, ya bi sawu har ya gano cewa mazubin abincin ne ya yi ƙasa, kajin suna barbaɗarwa. Ya ɗaga mazubin zuwa daidai bayansu, lissafin mako na gaba ya gyaru. Uban ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya tambaye ni wane kwas ne ake yin irin wannan a gaba da sakandare.

Akwai abubuwan da har yanzu suke ba ni wahala. Jadawalin makaranta minti 40 yake bayarwa, alhali kafin a ɗauko kayan aiki a isa gona rabinsa ya tafi, don haka sai da na roƙi a haɗa mini darasi biyu a jere. Dabba ba ta san hutu ba, dole a tsara masu zuwa ba ta abinci da ruwa, ni ma in riƙa leƙawa. Maganin feshi kuwa ban yarda ɗalibi ya taɓa shi ba sai ya karanta mini abin da ke jikin kwalbar, ya faɗi kwanakin da za a jira kafin girbi, ya sa safar hannu da takunkumi, ina tsaye. Jarrabawar ƙarshe kuma har gobe ta fi ba haddar ma'anoni muhimmanci, shi ya sa nake ware zangon ƙarshe don tsofaffin tambayoyi, ko da yake raina yana gona.

A ƙarshen shekara kowane ɗalibi yana tsayawa gaban aji na minti biyar ya yi bayanin aikinsa: abin da ya kashe, abin da ya samu, inda aka yi asara da dalilinta. 'Yan'uwansa su yi masa tambayoyi, kuma ba sa sassauta wa juna. Wanda shukarsa ta lalace amma ya iya nuna dalili daga littafinsa yakan fi samun maki a wurina a kan wanda ya yi girbi mai kyau bai rubuta komai ba. Bayan haka nakan sa hannu a littafin in mayar masa, in ce ya tafi da shi duk inda zai je neman gurbin karatu, ko aiki, ko jari. Duk takardar shaidar da zan rubuta wa ɗalibi, daga cikin littafin nake ciro abin da zan faɗa a kansa.