Ribar Cisco da kasuwar da ke zamewa daga hannunsa

Duk bayan wata uku, ranar da Cisco, kamfanin Amurka mai ƙera na'urorin sadarwar kwamfuta, zai fitar da rahoton cinikinsa, ni da wani abokina da muka daɗe muna sayen hannun jari tare sai mun yi musu. Shi riba yake dubawa. Ni kuwa aikina haɗa na'urorin sadarwa ne, shi ya sa idona ke kan wanda ke sayen kayan.

Hujjarsa tana da ƙarfi, ban taɓa raina ta ba. Kamfanin da ke sayar da kaya ya tsira da fiye da kashi 60 cikin ɗari a matsayin riba kafin a cire kuɗin gudanarwa ba ƙaramin kamfani ba ne. Tun 2011 yake raba wa masu hannun jari riba, yana kuma sake saye hannun jarinsa daga kasuwa. A shekarar kuɗinsa ta 2023 cinikinsa ya kai kusan dala biliyan 57. Abokina yakan ce, “Malam, saniyar da ke ba ka nono kullum, me ya kai ka ƙirga gashin jelarta?”

Abin da nake gani a wurin aiki shi ke hana ni sakin jiki. Shekarun baya, in ka buɗe ƙofar ɗakin kwamfutoci, sanyi ya buge ka, ƙarar fanka ta cika maka kunne, duk akwatin da ke ƙyafta koriyar fitila a kan kanta tambarin Cisco mai siffar gada ne a goshinsa. A ofisoshi da makarantu da bankuna har yanzu kusan haka abin yake, domin injiniyoyi da kayansa suka koyi aiki, kuma ba wanda ke son sauya abin da hannunsa ya saba da shi. Sai dai kuɗin da ya fi saurin ƙaruwa ya koma manyan cibiyoyin adana bayanai, can kuwa labarin daban ne.

Arista, wadda ita ma na'urorin sadarwa take ƙerawa, ita ce ta shige wa Cisco hanci da ƙudundune. An kafa ta a 2004, kuma Jayshree Ullal da ke shugabancinta tun 2008 tsohuwar babbar ma'aikaciyar Cisco ce, ta san ciki da wajen gidan. Microsoft da Meta suna cikin manyan masu sayen kayanta. Irin waɗannan kamfanoni ba sa tsoron sauya mai sayar musu da kaya, injiniyoyinsu sun ishe su, abin da suke nema gudu ne da manhaja mai sauƙin sarrafawa. Cisco ya maka Arista a kotu a 2014, aka sasanta a 2018 Arista ta biya dala miliyan 400, amma kuɗin kotu bai dawo da kwastomomin ba. Ga Nvidia kuma mai ƙera sassan kwamfuta, wadda ta saye kamfanin kayan sadarwa na Mellanox a 2020 ta shigo harkar haɗa kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira. Ga HPE mai ƙera manyan kwamfutoci da ta saye Juniper, wani abokin hamayyar Cisco, a kan kusan dala biliyan 14.

Shi ya sa in rahoto ya fito nake tsallake babban adadin ciniki in nufi sababbin oda. Ciniki na iya ruɗar mutum. Lokacin ƙarancin ƙananan sassan lantarki bayan korona, kwastomomi sun yi ta jibga oda don tsoron rasa kaya, ni kaina na yi watanni ina jiran kayan aiki guda. Da kayan suka iso gaba ɗaya sai cinikin 2023 ya yi kyau. Shekarar da ta biyo baya ya sauko zuwa kusan biliyan 54, saboda kwalayen suna jibge a ɗakunan ajiya ba a ma buɗe su ba. Sannan sayen kamfanin manhaja na Splunk da Cisco ya yi a kan dala biliyan 28 a 2024 ya ƙara wa jimillar ciniki nauyi, dole sai mutum ya cire shi kafin ya ga ko asalin sana'ar tana girma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Maris na 2000. A watan nan Cisco ya zama kamfani mafi daraja a duniya, darajarsa ta haura dala biliyan 500, hannun jari ɗaya ya kai wajen dala 80. Masu saye a lokacin ba su yi kuskure a kan intanet ba, ta girma fiye da zatonsu, cinikin kamfanin ma ya ninka kusan sau uku daga baya. Duk da haka wanda ya saya a wannan farashin ya yi fiye da shekara 20 bai sake ganinsa ba.

Ban sayar da nawa ba, rabon ribar yana shigowa kuma ina jin daɗinsa. Amma na gaya wa abokina ba zan ƙara ko ɗaya ba sai na ga odar manyan cibiyoyin nan tana hawa a rahoto huɗu a jere.