Ƙudirin da bai shiga zaure ba

A ƙarshen wannan zango zan miƙa takardun reshenmu na ƙungiyar malamai ta Najeriya, NUT, ga wanda malamai suka zaɓa a madadina. Tun da labarin ya fita, matasan malamai ke tare ni a harabar ofishin ilimi suna tambaya ko zuwa babban taron wakilai na da wani amfani, ko kuwa dai hula ce da riga mai tambari da kuɗin mota. A tsaye ba na iya ba su amsar da ta wuce "akwai amfani, amma ka buɗe ido", shi ya sa na zauna na rubuta.

Shekarar da aka tura ni, saƙo biyu malaman ƙaramar hukumarmu suka ɗora mini. Na farko ƙarin girma na takarda. Duk malamin firamare ya san shi: a kira ka tantancewa, a ba ka wasiƙa cewa ka tashi daga mataki na bakwai zuwa na takwas, ka kai gida a yi maka barka, wata ya mutu alat ya shigo da abin da ka saba gani. Akwai wata malama a makarantar da nake a lokacin da ke ajiye da irin waɗannan wasiƙu har biyu a cikin leda, duk sun fara yagewa a wajen ninki saboda yawan fito da su. Na biyu haƙƙin waɗanda suka rasu a bakin aiki, wanda matansu ke zarya a kai har takaba ta zama tsohon labari. Bayan la'asar muka zauna a wani aji, kan bencin yara, muka tsara ƙudirin a littafin rubutu, aka buga shi a shagon kwamfuta, shugabannin makarantu suka sa hannu.

Ƙa'ida ita ce ƙudiri ya bi ta hannun reshe ya isa sakatariyar jiha kafin ranar da aka tsayar. Shugaban reshenmu kuwa ba baƙo ba ne a wurina. Shi ya koyar da ni lissafi a aji huɗu, har gobe idan na gan shi sai na rusuna. Ya karɓi takardar ya ce, "Kawo nan ɗana, da hannuna zan kai." Wa zai ce wa malaminsa ya ba shi shaidar karɓa?

Ranar farko ta taro ta manyan baƙi ce. Mun zauna tun hantsi muna fifita da takardar jadawali, wakilin gwamna bai iso ba sai bayan azahar. Jawabai suka yi ta zuwa, kowa sai ya tuna mana alkawarin da Shugaba Buhari ya yi ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, na tsarin albashi na musamman, da dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Aka yi ta tafi. Wani dattijo a gefena ya ce ƙasa-ƙasa, an ƙara mana shekarun jira ke nan. Ni dai hankalina na kan ɗan littafin ƙudirori da aka raba. Na duba daga bango zuwa bango, na sake dubawa. Namu ba ya ciki.

Na same shi a baranda yana gaisawa da mutane. Na jira har suka ragu, na ce, "Malam, ban ga takardarmu ba." Ko fuskarsa ba ta canza ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kai sabon zuwa ne. Bari a gama zaɓe, komai da lokacinsa." Na so in yarda cewa kuskuren masu bugawa ne, don haka na gangara wajen teburin sakatariya. Akawun da ke wurin, Allah ya saka masa, bai ce mini komai ba, ya buɗe rajistar shigar takardu ya juyo mini ita. Reshe-reshe, kowanne da kwanan wata da sa hannu. Layinmu fari fat.

Sai da dare na gane sauran. A masaukin da aka sauke shugabanni, ɗaki ɗaya ne ƙofarsa ba ta huta ba har tsakar dare. A nan ake abin da ake kira maslaha: a raba kujeru shiyya-shiyya, wane ya janye wa wane, a fito da jeri ɗaya da za a kawo zaure gobe a ce an daidaita. Ba na cewa maslaha aibi ce, ta sha hana ƙungiya tsagewa. Amma tana da farashi, kuma a wannan karon cikin farashin har da kada a ta da maganar da za ta ɓata wa baƙin gwamnati rai. Washegari aka karanto sunan Malam a cikin sababbin shugabannin jiha, ba hamayya. Na tafa tare da kowa, don idanun 'yan reshenmu na kaina.

Abin da ya fi ci mini rai ba kujerar ba ce. Mutum ya nemi muƙami, haƙƙinsa ne. Da ya kira ni tun a gida ya ce ga halin da ake ciki, bana ba za a kai ba, da na koma wa malamai na faɗa musu, su yanke abin da suka ga dama. Sai ya zaɓi ya bar ni in taho da amanar mutane a baki, alhali takardar na cikin aljihun motarsa. Ya san ba zan iya ɗaga masa murya ba, kuma da wannan kunyar tawa ya yi lissafinsa.

Da aka zo sauran batutuwa, mutane sun fara tattara jaka, na ɗaga hannu na ƙi saukewa. Mai jagorantar zama ya ce, "Kwamared, minti biyu." Littafin nan da muka yi daftari a ciki yana aljihuna, na fito da shi na fara karantawa. Aka katse ni cewa ba a gabatar da shi bisa ƙa'ida ba, kuma gaskiya ne. Kafin in zauna sai wata malama daga wani reshe, wadda ban taɓa gani ba, ta miƙe ta ce su ma ciwonsu ke nan, ta goyi baya. Zaure ya ɗauki guna-guni. A sanarwar bayan taro an sa layi ɗaya, cewa taro na kira da a gaggauta aiwatar da ƙarin girma da biyan haƙƙin mamata. Layi ɗaya ne, kusa da ƙarshe, amma na san yadda aka yi ya shiga.

Zangon da ya biyo baya aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta da idan damina ta kankama sai ka tuɓe takalmi ka tura babur. Ban ce shi ya sa ba. Ban dai taɓa neman canji ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a daina yankar kuɗin ƙungiya a albashi, a watse. Tun Yulin 1931 da aka kafa NUT a Legas, Rabaran Ransome-Kuti na shugabanta, da 1948 da Malam Aminu Kano ya haɗa kan malaman Arewa a ƙungiya tasu, babu abin kirki da malami ya samu shi kaɗai. Alawus ɗin kashi 27.5 cikin ɗari da gwamnoni suka amince da shi a 2008, sai da aka rufe makarantu makonni kafin a same shi, kuma wasu jihohin sai da aka sake shekaru ana ja da su. Abin lura shi ne daga ajujuwa ƙarfin ya taso, zaure ya bi baya.

Akwai wani tsohon wakili a taron nan da ya tashi yana gargaɗi kan mayar da albashin firamare hannun ƙananan hukumomi. Ya tuna 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta miƙa musu makarantun, malamai suka yi watanni ba albashi, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Ana ta duba agogo, aka ce ya taƙaita. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a 2025 kuma malaman firamare na Abuja suka shafe sama da wata uku a gida kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Maganar dattijon nan ta fi rabon kujeru muhimmanci nesa ba kusa ba, amma ba ta samu ko rubu'in lokacinsa ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ƙudiri ka kai shi sakatariya da ƙafarka, a buga maka hatimi a kwafinka, ko da mahaifinka ne shugaban reshe. Ka karanta kundin tsarin mulkin ƙungiya kafin ka hau mota, don da shi za a zaunar da kai. Rahoton ma'aji ana karanta shi ne dab da cin abinci, ka daure ka saurara. Ka zauna kusa da wakilan wasu rassa, 'yan garinku kun riga kun san ciwon juna. Idan ka dawo, ka tara malamai ka faɗa musu abin da ya faru yadda ya faru. Ni na yi hakan, ban ambaci sunan kowa ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Malamar nan mai wasiƙu biyu an gyara mata mataki ɗaya, ba ariyas. Malam kuwa muna gaisawa, ya zo sunan ɗana har ya yi addu'a. Kwanan baya ya aiko a faɗa mini yana neman kujerar da ta fi ta yanzu a zaɓe mai zuwa, yana buƙatar addu'a da goyon baya. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, Allah ya ba mai rabo sa'a.