Bangon da ya koya mini awo

Shekara 11 ina aikin kafinta a Bauchi, ban taɓa sanin ana gasar hawan bango ba. A wurinmu wanda aka gani a kan katanga sunansa ɓarawo. Sai ranar da wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta zo shagona, ta miƙo mini waya ta ce, "Malam, irin wannan nake so ka yi wa yarana, amma ƙarami."

Bidiyon wasan ƙarshe ne na hawan gudu a Olamfik ɗin Faris, 2024. Veddriq Leonardo ɗan Indonesiya ya haye bango mai mita 15 cikin sakan 4.75, ɗan China Wu Peng ya yi 4.77. Kafin in gyara zama an gama. Na ce, "Hajiya, wannan ai ƙadangare ne." Na kuma ce mata aikin mako guda ne, don a raina tsani ne kawai aka yi wa fenti.

Na sayo filawud a kasuwar katako ta Muda Lawal, na kafa bango mai mita 2.5, na sassaƙa mariƙai, wato abubuwan da mai hawa ke kamawa, da guntayen madaci, na ɗaure su da sukuru, kowanne ƙwaya ɗaya a tsakiya. Na jera su hagu da dama, tazara daidai, gwanin kyau. A ƙasa muka shimfiɗa katifu biyu.

Da hunturu ya shigo katakon ya bushe ya tsuke, sukurun suka saki. Wani yaro ɗan aji huɗu ya kama mariƙi na sama, abin ya juya a hannunsa, ya faɗo, ƙafarsa ta shige daidai tsakanin katifun nan biyu. Targaɗe ne, Allah ya taƙaita. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, zo ka gani." Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na zauna na bi yadda masu abin suke yi. Su ba sa sa sukuru a cikin naman katako su tafi. Allon duk huje yake, a bayan kowane rami akwai noti mai haƙora da aka buga ya kama, bolti ya shigo ta gaba ya ratsa mariƙin ya shige cikin ƙarfe. Manyan mariƙai kuma ana ƙara musu ƙaramin sukuru a gefe don kada su juya, wato ainihin abin da ya kayar da yaron nan. A gajeren bangon gasa, mai kimanin mita 4.5 da ake hawa ba igiya, katifar ƙasa a haɗe take, an rufe duk wata tsaga. Sun riga sun ɗauka cewa mai hawa zai faɗo, ni kuwa hawan kaɗai na yi wa shiri.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bangon gudun. Hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa a 2007, ta ƙayyade komai: tsawo mita 15, karkata zuwa gaba digiri 5, mariƙai iri ɗaya a gurbi ɗaya, ko a Faransa ko a Indonesiya. Na ɗauki biro na lissafa, digiri 5 ɗin nan ya sa kan bangon ya fi gindinsa fitowa da kusan mita 1.3. In kafinta ya yi kuskuren rabin inci, tarihin da mutum ya kafa a kai ya zama abin gardama, tunda tsakanin zinare da azurfa sakan 0.02 ne. Ni da nake auna ƙofa in ga ta ɗan goce in ce, "Ba komai, fenti zai rufe."

Jerin nan nawa mai kyan gani ma ashe shirme ne. A gajeren bango da dogon da ake hawa da igiya wanda ba na gudu ba, akwai mutanen da aikinsu shi ne sauya wa mariƙai wuri kafin kowace gasa, don mai hawa ya yi tunani kafin ya miƙa hannu. Yaran Hajiya tun kwana uku suka haddace nawa.

Na kwance bangon duka na sake shi da kuɗin aljihuna. Na sa an ɗinke katifun cikin tamfol guda. Yanzu duk farkon zangon karatu nakan je da sifana in bi boltin ɗaya bayan ɗaya, in sauya wa mariƙai biyar ko shida wuri. Zuwan da na yi na ƙarshe, yaron da ya yi targaɗen ne ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce, "Baba, wancan jan ka kai shi can sama, ya yi sauƙi da yawa."