Guntayen atamfa ba shara ba ne

Duk bayan sallah sai na zaga shagunan telolin unguwar Mabera a Sakkwato in roƙi guntayen yadin da za su zubar, wasu su cika min leda kyauta wasu su ce Hajiya a ba yara na shayi. Atamfa nake ware wa bargo don ta fi jure wanki, amma fa sai na jiƙa ta tukun, in ba haka ba wata ta zuba ta ɓata sauran. In yanka daidai tafin hannu, in haɗa a keken ɗinkina Butterfly, in shimfiɗa tsohon zane a tsakiya, wallahi ya ishi yaro sanyin hunturu. Shadda kuwa jakar Islamiyya nake yi da ita mai zif. Leshi dai na bar shi, zarewa yake yi.