Takardar da ɗan yayata ya kawo in gyara masa

Daren Juma'a ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, nan unguwar Zariya a Maradi, ya zaro takarda ninki huɗu daga aljihu ya ce, "Kawu, duba mini faransancin, kada in kai da kuskure." Takardar ajiye aiki ce. Watansa biyar ke nan a wani kamfanin aika kuɗi, albashi jika 70 (sefa dubu 70), yana bayan gilashi tun safe har bayan magariba. Na ce me aka yi maka? Ya ce ba a yi masa kome ba, aikin ne ba ya kai mutum ko'ina, kuma ba don ya ƙirga kuɗin mutane ya yi shekara uku a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba. Jikina ya yi sanyi, don na taɓa rubuta irinta.

A ƙarshen 2018 na samu aikin kula da sito wajen wani babban ɗan kasuwa, bayan na daɗe ina zaman fada. Ni ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita: shinkafa, sukari, man girki. Wata bakwai na yi. Ranar da abin ya faru tirela ta sauke kaya, lissafi ya nuna buhu uku babu. Maigida ya tsaya gaban leburori kusan ashirin ya ce mini, "Kai ma ka fara?" Kalma huɗu ke nan. Washegari aka ga buhunan a ɗaya siton, yaron mota ne ya kai su can. Bai ba ni haƙuri ba, ni kuma na ajiye masa makullai a kan tebur ban ko jira ƙarshen wata ba.

Har gobe idan na tuna fuskokin leburorin nan raina yana ɓaci. Mutum da mata da 'ya'ya biyu a jefe shi da sata a bainar jama'a? Albashin ma sai goma ga wata ake biya, wani lokaci sha biyar. Wanda ya ce ba ni da hujja bai tsaya inda na tsaya ba. Amma gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina ita ce, tun kafin maganar buhu zuciyata ta riga ta fita. Ina ganin abokaina suna loda wake da aya su bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, su dawo da kayan roba, suna cewa ribar tafiya biyu ta fi albashina. Dalili nake nema, maigida ya miƙo mini shi.

A watan Yuni na 2019 na fita. Na haɗa ɗan abin da na tara da kuɗin adashin maiɗakina, na yi tafiya huɗu, na ga riba. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Muka ce sati biyu ne. Ko da aka buɗe wasu a Disamba 2020, ta Jibiya ba ta ciki, sai Afrilu 2022. Wakena ya zauna a ɗaki ƙwari suka shige shi, na sayar da shi ƙasa da yadda na saya. Awakin maiɗakina biyu suka tafi. Na koma kabu-kabu da babur ɗin aro, ina kawo wa mai shi kuɗinsa kullum dare. Za a ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, wa ya san za a rufe? Sai dai wanda ya maye gurbina a siton albashinsa bai tsaya ba ko wata ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Duk inda na kai takardun neman aiki sai a ce ina shaidar inda ka yi aiki? Babu. Wanda ya jefar da makullai ba ya komawa neman takarda. Kuma Maradi a wajen 'yan kasuwa gari ne ƙarami, alhazan nan suna haɗuwa a masallaci da ɗaurin aure. Wani ya gaya mini a fuska, "Kai ne mai zuciyar nan?"

Na zauna da niyyar ba yaron nan shawara goma, biyu suka fito. Kada ka saki reshe ka kama ganye: ka samu wani aikin a hannu, da ranar farawa, sannan ka rubuta takarda. Kuma ka cika shekara, don wata biyar ko hanyoyin wurin ba ka gama sani ba. Ku yaran yanzu kuna ganin hoton wani a Facebook jingine da mota sai wurin zamanku ya yi muku zafi. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar jika 42 ne, ga masu digiri nan suna dafa shayi a fada har ƙarfe biyu na dare, kai kana da 70 kana cewa aiki ba ya kai ka ko'ina!

To amma in an hana ka haƙƙinka wata biyu a jere, ko an ce ka sa hannu a lissafin ƙarya, ko an taɓa mutuncinka, kada ka jira shekara. Na san yanzu na ce kuskure na yi da na fita don mutunci. Ban iya daidaita maganar biyu ba, kowacce na yarda da ita. Abin da ban yi shakkarsa ba shi ne yadda ake fita: ka ba da wa'adi, ka miƙa lissafi cif, ka karɓi takardar shaidarka, ka yi sallama da hannu biyu ko da ranka na tafasa.

Ya saurare ni yana juya wayarsa a hannu. Ya ce, "Kawu, zamaninku daban." Shekara nawa ne duka tsakani? Ya ninke takardar ya mayar aljihu, bai yage ta ba. Na kira Yaya na ce ta riƙe shi da magana har ya karɓi albashin watan nan, ni kuma Litinin zan bi ta wurin aikin nasa da rana in ga ko yana bayan gilashin.