Hotunan da mai shara ya kwashe cikin dare

Ina dawowa daga sallar asuba wayata ta ɗauki ƙara. Sakataren ƙungiyar manoman shinkafar da nake yi wa aiki ne, can wani ƙauye a yankin Auyo, cikin fadamar Haɗeja. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ya ce, "Injiniya, ina takardunmu suka shige? Jiya da hannuna na ɗora su, na gan su da idona. Yanzu na buɗe, sunaye na nan, hoto ko ɗaya babu."

Na ce, "Malam, kila sabis ne, a ɗan jira rana ta fito." Ni kaina na san ba sabis ba ne.

Asalin aikin, tun da ambaliyar 2022 ta jiƙa musu babban littafin rajista har tawada ta cakuɗe, dattawan ƙungiyar suka ce a mayar da komai cikin kwamfuta: sunan manomi, ƙauyensu, girman gonarsa, hoton takardarsa ta NIN, da hoton rasiɗin kuɗin taki. Na zaɓi Drupal, manhajar sarrafa bayanan shafi da Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar a 2001, wadda aka rubuta da yaren rubuta manhajar kwamfuta mai suna PHP. Fom ɗin da ke zuwa da ita bai dace da yadda suke lissafin taki ba, sai na zauna na rubuta nawa ɗan ƙarin, abin da masu sana'ar ke kira modul. Na yi alfahari da shi kuwa, har na nuna wa abokaina a Dutse.

Ga abin da ya faru. A Drupal, idan ka sa gurbin ɗora fayil irin na managed_file a fom, mutum na zaɓar hoto sai ya haye sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, nan take, tun kafin ya danna maɓallin ajiya. Amma manhajar tana rubuta shi a matsayin na wucin gadi. Kamar baƙon da ya yi sallama aka ce ya zauna a zaure ne: ya shigo gida, amma ba a ba shi masauki ba tukuna. Hikimar ita ce, mutane da yawa kan ɗora hoto su fasa cike fom, kuma ba a so tarkacensu ya cika ma'aji. Don haka akwai mai shara, wani aiki da ake kira cron, wanda ke zagayowa lokaci lokaci, duk fayil ɗin da ya tarar a zaure ya haura awa 6 ba wanda ya ce nasa ne, sai ya share shi daga faifai da rumbun bayanai gaba ɗaya.

Da fom ɗin Drupal na asali na yi amfani, da ita da kanta za ta ba baƙon ɗaki. Amma wanda ya rubuta nasa fom, shi ke da alhakin wannan. Layi biyu ne zuwa uku kacal: ka kira umarnin setPermanent da ke mayar da fayil ɗin na dindindin, ka ajiye, sannan ka rubuta a rajistar amfani da fayiloli cewa wannan hoton na bayanan manomi wane ne. Ni lambar fayil ɗin kawai na adana, na wuce abina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi gwaji, ba sau ɗaya ba. Sai dai duk gwajin nawa na minti biyar ne: in ɗora, in buɗe, in ga hoto, in rufe kwamfuta. Kuskuren kuwa sai ya kwana yake nuna kansa. Manoma sama da 40 ne suka zo ranar, wasu a kan babur daga nesa, wasu sun bar ban ruwa a gona. Sakatare ya yi ta ɗaukar hoto daga azahar har magariba, kuma da yake wayarsa ta cika, duk wanda ya hau sai ya goge shi don ya samu wuri. Babu inda za a dawo da su.

Da kaina na hau mota na je. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne sa'an mahaifina, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, ba na Malam ba ne, ba kuma na waya ba ne." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, littafinmu ruwa ne ya ci shi. Naka mene ne ya ci?" Na rasa amsar da zan ba shi in ban da in ce mai shara ne. Aka yi dariya, aka sa ranar kasuwa don a sake tara mutane, ni na biya kuɗin data.

A wannan zama na biyu ne na ga sauran ramukan, domin a gefen sakatare na tsaya ina kallon hannunsa. Wasu hotunan sam sun ƙi hawa. PHP, in ba ka taɓa saitinsa ba, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 2, dukan abin da fom zai aika kuma kada ya wuce 8. Nginx ma, manhajar da ke karɓar saƙonni a ƙofar sabar, ya fi tsanani, a megabait 1 yake tsayar da kai. Hoton wayar Tecno ta zamani kuwa cikin sauƙi yake wuce nan. Na ɗaga iyakar, amma hakan bai yi maganin komai ba a wurin da sai an tako bakin titi ake samun sanda biyu ta sabis. Abin da ya yi aiki shi ne rage girman hoton a cikin wayar tun kafin ya tashi. Rasiɗi ba hoton biki ba ne, a iya karanta lambobin ya wadatar.

Sai wanda ya fi ba ni tsoro. Sakatare ya tura wa wani manomi adireshin hotonsa ta WhatsApp don ya tabbatar nasa ne, sai na ga ya buɗe a wayar ɗansa ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Gabana ya faɗi. Ashe a ma'ajin kowa da kowa, public://, nake zuba takardun mutane, da hoton fuskarsu da lambarsu mai alƙaluma 11, duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa ya gani. Ko ba don dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ba, amana ce aka ba ni. A daren na koma da su ma'ajin sirri, private://, na sa foldar a wajen inda burauza ke iya kaiwa, na kuma rubuta sharaɗin da Drupal ke tambaya kafin ta miƙa kowane fayil: sakatare da shugaba kaɗai. Nau'in fayil ma na taƙaita shi, jpg da png da pdf, ba ƙari.

Har haruffanmu masu lanƙwasa sai da suka ba ni aiki. Wani fayil mai suna "rasiɗin ƙungiya" na kwafe shi zuwa wata kwamfuta, sunan ya koma wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Yanzu modul ɗin ne ke raɗa wa kowane hoto suna da lambar manomi da kwanan wata, sunan Hausar kuma yana zaune lafiya lau a rumbun bayanai.

Tun daga lokacin, duk gyaran da ya shafi ɗora fayil ba na miƙa shi a ranar da na gama. Da la'asar nake ɗora hoton gwaji, in kunna mai shara da hannuna da safe, in kuma gwada buɗe adireshin a wayar ƙanwata wadda ba ta da izinin shiga.

Sakatare dai har yau bai daina ba. Duk ranar da aka yi rajistar sababbin manoma, washegari bayan asuba sai wayata ta yi ƙara. Yanzu kam muna gaisawa a tsanake, ya tambayi iyali, in tambayi ruwa a fadama, sannan ya ce, "Injiniya, na leƙa baƙinka. Sun kwana lafiya."