Godiya bayan jinyar hannuna

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, likitoci sun kwance ɗaurin hannuna na dama, kuma yatsun da injin masana'anta ya datse sun fara lanƙwasuwa, ko da yake guda ɗaya ya guntule. Ina miƙa godiya ga 'yan'uwa Hausawa mazauna Birmingham da suka yi ta zaryar dubiya, da matan gidajen da suka riƙa aiko mini da tuwo da kunu, da Hajiya da Yaya a gida waɗanda addu'arsu ba ta yanke ba.

Akwai kuma wasu Turawa abokan aikina da ya wajaba in ambata, duk da na san wasu za su yi mamaki. Mutanen nan makaɗa ne na wani salo da ake kira doom metal, kiɗan jita mai nauyi da jan ƙafa wanda ba a cika sa shi a rediyo ba, sai a ƙananan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda masu sauraro ba su taka kara sun karya ba. Ɗayansu ne ya ba ni labarin Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, ɗan wannan birni, wanda injin yankan ƙarfe ya guntule masa kawunan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don rage zafi, sai amon ya yi kauri ya sauka ƙasa. Daga faifan Black Sabbath na farko na 1970 wannan salo ya samo tushe, kafin ƙungiyoyin Candlemass ta Sweden da My Dying Bride ta Bradford su ɗora.

A dararen da ciwo ya hana ni barci, waƙoƙin rawa sun riƙa gundurata, domin duk suna yi mini gaggawar in warke. Wannan kiɗa kuwa tafiyarsa irin ta majinyaci ce. Makaɗin ganga yakan buga sau ɗaya, ya dakata har amon jita ya kusa mutuwa, sannan ya sake bugawa, kuma a wannan tazarar mutum ke samun damar numfasawa. Sun kawo mini Mirror Reaper na ƙungiyar Bell Witch, faifan 2017 mai waƙa guda ɗaya tak ta minti 83, wanda aka yi bayan rasuwar tsohon makaɗin gangarsu. Baitocin ba su dame ni ba, yawancinsu ma gurnani ne da ba a rarrabe kalmominsa; nauyin sautin da haƙurinsa ne suka zauna da ni.

Mutanen nan ba su taɓa ce mini in saki raina ba. Sukan zo su zauna shiru, su kashe kiɗan da kansu idan lokacin salla ya yi, ɗayansu kuma shi ke kai ni gashin ƙashi a motarsa har yanzu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi, amin.